Abin da Ya Kashe Tunkiyar Larai

Larai ta durƙusa tana ɗura wa tunkiyarta ruwan kanwa. Ita kaɗai ce dabbar da ta rage mata, ga cikinta ya tsufa. Ta daina cin komai, sai kumbura take yi.

"Maƙwabciyata Rahamatu ce ta sa mata guba," ta gaya wa Ilu mahauci. "Tun ranar da tunkiyar ta cinye mata zogale ta ce sai ta ga bayanta."

"Inna, a yanka kafin ta zama mushe."

Ta kau da kai, aka yanka. Maƙwabta suka cika gidan, har da Rahamatu tana kuka tana rantsuwa. Larai ta ce a farke tumbin a gaban kowa, daga nan a wuce wurin mai unguwa.

Ilu ya farke. Ledoji ne cunkus, kowace da ɗan ƙullinta irin na zoɓo. Duk unguwar kuwa Larai ce kaɗai ke ƙulla zoɓo a leda, masu saye su sha su yar a ƙofar gidanta.

Rahamatu ta share hawaye, ta ce a hankali, "Yaya Larai, har yanzu za mu je wurin mai unguwar?"