Hoton Mai Hoto

Tsoho Pyo ya ture kwanon faten shinkafarsa gefe, ya ce in dai shafin intanet ɗin zai yi kyau, a rubuta sunansa da manyan haruffa yadda ko makaho zai gani.

'Yarsa Yeon-sil ta haɗiye dariya. Shekara da shekaru yana kiran sana'arta latse-latse. Tun da ta ƙi gadon shagon hoto ta tafi Seoul tsara wa kamfanoni shafuka, gaisuwar waya ce kawai tsakaninsu, ita ma a tsaitsaye. Sai ga shi da bazara ya kira da kansa: shago na mutuwa, yara sun koma ɗaukar hoto da waya, ta zo ta yi masa irin abin nan nata. Ta hau jirgin ƙasa zuwa garinsu Mokpo tana murmushi ita kaɗai. Ta ƙudurta sai ta cika shagon nan da amare, kuma sai ta ji daga bakinsa cewa ta iya.

Aikin ya fi ɗinkin buhu wahala. Ita ta ce shafi mai kyau hotuna kaɗan yake so, a kan farin bango, mafi kyau a gaba, lambar waya inda ido zai faɗa. Shi kuwa so yake a zuba komai, har hoton akuyar da ta ci gasa. Suka baje akwatunan hotuna: amare, jarirai ranar cika shekara, masunta da manyan kifaye, sai tsofaffin unguwa cikin kayan fita kunya, waɗanda kan zo su ce a yi musu hoton tsawon rai.

Tsofaffin ta ware gefe. Ta ce ba amaryar da za ta ga wannan labule mai ruwan toka da ke bayansu ta yi sha'awar zuwa, ga shi duk ya bar fili a saman kawunansu kamar za a shanya wanki.

"Ke dai yi latse-latsenki, malamar birni," ya ce.

Gwaggo Ok-bun mai miyar kifi, maƙwabciyar da duk layin kasuwa ya shaida ba a ajiye magana a bakinta ta kwana, ita ke kawo masa faten. Wannan karon sai ta dire kwano ta fice tana murza ido, wai barkono. Shi kuma ya ce haƙori ne ya raba shi da nama da giyar shinkafa.

Da aiki ya kusa kammala, Yeon-sil ta ce saura abu guda: fuskar mai shago. Mutane sai sun ga fuska suke sakin jiki. Aka bincike akwatunan kaf, mutumin da ya ɗauki rabin garin ba shi da hoton kansa ko ɗaya.

"Wanzami ba ya son jarfa," ya ce, ya yi ta tirjiya kamar gaske.

Washegari da safe sai ga wanzamin cikin baƙar kwat a goge, har da man gashi. Kwat ɗin ta yi masa yawa a kafaɗa. Ya ce tela ne ɓarawon yadi a da, yanzu ya tuba. Da hannunsa ya ja labulen, ya gyara fitila, ya matsar da ƙafafun kyamara baya, sannan ya zauna.

"Baba, ka sake barin filin nan."

"Bar shi. Ke dai danna."

Ya ƙame kamar soja. Ta ce masa kunnuwansa sun fi kwat ɗin fitowa, ya saki murmushi bai shirya ba, ta danna. Ya daɗe yana kallon hoton a bayan kyamara.

"Hannunki bai yi rawa ba," ya ce. "Kin iya, 'yar nan."

Sai da ta shiga bayan labule ta gyara fuska.

A Seoul ta ƙarasa shafin. Ta yanke filin nan, ta zagaye fuskarsa a da'ira, sunansa kuwa ta ba shi manyan haruffan da ya nema. Ta aika masa, ya ce wayarsa ba ta buɗe irin waɗannan abubuwa. Da kaka ta kama, ta ɗauki kwamfutarta ta taho ba sanarwa, don ya gani da idonsa: har amare sun fara rubuto tambaya.

Ta tarar da shagon a buɗe, babu kyamara, babu labule, wasu samari na auna bango. Gwaggo Ok-bun ta fito da ludayi a hannu, ta gan ta, bakin da ya daure tun bazara ya ɓalle. Ai tsohon yana asibiti, ciwo ya ci ƙarfinsa, can yake wuni yanzu. Shago kuwa ya sayar tun kafin ya kira ta.

"To, Gwaggo, shafin na mene ne?"

"Ya ce duk tsofaffin layin nan shi ya ɗauke su, shi wa zai ɗauke shi? Kuma akwai abin da uba ba ya iya roƙon 'yarsa da sunansa."

Gwaggo ta shiga ta fito da wani abu mai faɗi naɗe a ƙyalle, wanda aka ce ta ajiye sai ranar ta zo. Yeon-sil ta kwance. Murmushin nan ne, da kunnuwan, cikin firam mai gilashi, ba a yanke komai ba. Hoton tsawon rai ne. Filin da ke saman kansa ya cika daidai wa daida da baƙaƙen ƙyallaye biyun da ake ɗaura wa hoton mamaci ranar jana'iza.