Ƙanzon Tukunyar Kufai

Wata budurwa maginiyar tukwane ba ta manta ranar da ta fara ganin mutumin ba. Ta je ɗiban yumɓu a kufan bayan gari, inda ake cewa nan kakanninsu suka fara zama, sai fartanyarta ta ci karo da wata tsohuwar tukunya a binne. Labari ya kai birni, hukumar adana kayan tarihi ta jiha ta turo ma'aikacinta. Ya zo a kan babur, ya durƙusa cikin taɓo da farin wandonsa, yana share bakin tukunyar da ɗan buroshi a hankali kamar mai goge wa jariri fuska. Ita da ta tashi cikin tukwane ba ta taɓa ganin namiji ya riƙe tukunya haka ba, sai ta ji abin ya shiga ranta. Ya gaya mata masu aikin hanya na shirin kwashe kufan don tsakuwa, amma idan aka tabbatar da daɗewar wurin, hukuma za ta hana. Babur ba zai ɗauki tukunyar ba, don haka ya ba ta ajiya kafin ya dawo da mota. Ya ce, “Malama, a bar ta yadda take.”

Ta ɗauka kara ce irin ta baƙo, wanda ba ya son ɗora wa mutane aiki. Da ta leƙa cikin tukunyar ta ga baƙin ƙanzo ya kama gindinta, kunya ta rufe ta. A gidansu ko maƙwabciya ba a miƙa wa tukunya da ƙanzo, balle wannan mutumin. Ta jiƙa ta, ta sa toka da yashi, ta dirje har yatsunta suka yi ja, ta watsar da ruwan a bayan danga, ta shafe ta da jar ƙasa. Ranar da ya dawo ta ɗaura zanenta na fita, ta ajiye masa tukunyar tana sheƙi. Ya leƙa ciki, ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya zauna a ƙasa. Da ƙyar ya yi mata bayani: ƙanzon nan ragowar girkin ƙarshe ne na matar da ta yi amfani da tukunyar, shi za a auna a san abin da suka ci da zamanin da suka rayu. Budurwar ta ruga bayan danga. Kaji sun riga sun tone wurin. Ta tsaya kamar an dasa ta, tana kallon hannuwanta.

Kafin damina motocin masu aikin hanya suka cinye rabin kufan. Shi kuwa bai taɓa yi mata gori ba, ya ci gaba da zuwa duba abin da ya rage, ita tana ɓoyewa a ɗaki in ta ji ƙarar babur. Rannan dai ta fito, ta tare shi a bakin ramin, ta ce, “Malam, duk abin da ƙasar nan ta sake ba ni, zan kawo maka shi da dauɗarsa.”

Ka ji abin da Hausawa ke faɗa: garin neman gira aka rasa ido.