Irin Wake a Cikin Toka

Tasi'u, ɗan ƙanena, na ji an ba 'yarka Rumasa'u takarda a makaranta ta allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa, ka ninke ka soke a aljihu, wai ka ji a majalisa tana hana haihuwa. Ban ga laifinka ba, uban da bai ji tsoro a kan 'yarsa ba shi ne abin tsoro. Amma ni gwaggonka shekara talatin na yi ina karɓar haihuwa, don haka gyara zama in ba ka wani misali.

An yi wata manomiya da ta gaji irin jan wake daga uwarta, ƙwarya ɗaya tak ta rage mata, kuma duk yankin babu mai irinsa. Ka san halin ƙwaron wake, tun a gona yake saka ƙwansa. Za ka roro wakenka, ka casa, ka gan shi sumul kamar an shafa masa mai, alhali ɓarawon yana ciki yana jiran lokaci. Sai wata baƙuwa ta ba ta shawara ta tankaɗe tokar murhu, ta cakuɗa da irin, ta ɗura a tulu ta liƙe bakin da laka. Maƙwabcinta, wanda ba a raba shi da labarin kasuwa, ya ce kul, toka tana ƙone hancin wake, irin da ya kwana a cikinta ba ya ƙara tsirowa. Hankalin matar ya tashi ƙwarai, domin in ta bari ƙwaro ya ci, in ta zuba toka wataƙila ta kashe gadon uwarta da hannunta. Abin da ya sa nake ƙaunar matar nan, ba ta yi musu da shi ba, ba ta kuma haɗiye maganarsa ba. Ta ɗaura zane ta taka har ƙauyen baƙuwar, tafiyar rabin yini, ta roƙi a fasa mata tulun bara. Aka ɗibo mata cikin tafi ɗaya, fari fat da toka. Ta dawo gida ta tona gindin randa inda ƙasa ba ta rabuwa da laima, ta binne ƙwaya goma. Kullum in ta zo ɗiban ruwa sai ta durƙusa ta leƙa. A kwana na biyar tara suka fasa ƙasa. Ta kira maƙwabcin ya zo ya gani, ya ce yana da uzuri. Ranar ta tankaɗe tokarta ta liƙe tulunta.

Shi kuwa ya ɗaure nasa irin a buhu ya rataye a rumbu, yana ta murna ya tsare shi daga toka. Da damina ta kankama lokacin shukar wake ya yi, ya sauko da buhun ya ji shi sakayau. Ya kwance baki sai ƙwari suka tashi, ya zura hannu ya ɗebo gari da ɓawo mai huji. Matar ta fasa tulunta, ta sheƙe tokar a faifai, wake ya fito ja jawur, ko ƙwaya ɗaya ba ta huje ba. Ta hango shi zaune a ƙofar rumbu ya yi tagumi. Ba ta ce masa ai na faɗa maka ba. Ta cika ƙoƙo da irin uwarta ta miƙa masa ta kan danga, ta ce, "Malam, ga wannan ka shuka, kada gonarka ta kwana bana." Wallahi in na tuna wannan ƙoƙon sai in ji matar ta ƙara girma a idona.

To ƙwayar cutar nan da likitoci ke kira HPV halinta ɗaya da ƙwaron wake. Tana shiga shiru, mace tana harkarta lafiya lau. Galibi jiki yakan kore ta da kansa, amma wadda ta maƙale takan yi shekaru kafin ta zama sankara, shi ya sa ake yin allurar tun yarinya tana ƙarama, kamar yadda ake zuba toka tun ranar ajiya. Na taɓa riƙe hannun wata mai shekara talatin da biyu ranar da aka ce sai an cire mata mahaifa kafin ta rayu. Har yau ina jin kukanta. Abin da ya raba ta da haihuwa ciwon ne, Tasi'u, ita ba ta taɓa ganin allurar ba.

Ban ce ka sa hannu don gwaggonka ta faɗa ba, ni ma ji za ka yi daga bakina. Akwai wuraren da suka riga mu fara allurar nan da shekaru masu yawa, 'yan matan da aka yi wa sun girma suna goyon 'ya'yansu. Wannan shi ne tulun bara. Ka ciro takardar daga aljihu kafin ta yage, ka taka zuwa asibiti da ƙafarka, ka zauna gaban likita ka tambaye shi duk abin da ke cin ranka, ka ce ya nuna maka abin da aka gani a jikin waɗancan. Rumasa'u ita kaɗai gare ka, ta fi ƙarfin a yanke mata hukunci da hirar bakin titi. Matar nan rabin yini ta taka saboda ƙwarya ɗaya ta wake, kuma ba ta yi asarar tafiyarta ba, don Hausawa sun ce gani ya kori ji.