Ramin Boris da Ƙugiyar Mai Rijiya

Yaya, ka ce wai ta yaya ɗan ramin da aka yi wa ƙarfe a fata zai gaya maka nauyin da zai ɗauka kafin ya tsinke. To bari in ba ka misalin da wani tsoho ya ba ni a wajen waldarmu, ni ma da shi na gane.

Wani mai haƙar rijiya ne ya je wurin maƙeri da rodi guda biyu, yana so a lanƙwasa masa ƙugiyar da zai riƙa rataye bokitin ƙasa. Ka san aikin, shi yana can ƙasa, bokiti cike da duwatsu yana tafiya sama ta kan kansa. Rodi ɗaya sabo ne fil yana sheƙi, ɗayan tsatsa duk ta rufe shi, kaurinsu kuwa ɗaya. Maƙeri dai ba zai ja su har su tsinke don ya san mai ƙarfi ba, in ya yi haka da me za a yi ƙugiyar? Sai ya goge fuskar kowanne da magagari har farin ƙarfe ya fito, ya ɗauko ƙwallon boris, ɗan dunƙulen ƙarfen nan mai tauri na cikin ƙafar keke, ya matse shi tsakanin rodin biyu, ya sakar musu guduma sau ɗaya. Ka ga duka ɗaya suka sha ke nan. Mai tsatsar ɗan tabo kawai ya yi kamar ƙwayar gero, mai sheƙin kuwa ya lotsa kamar ƙwayar dawa. Maƙeri ya ce wanda ya fi lotsawa shi ya fi laushi, mai laushi kuma shi ke fara miƙewa in an ja shi. Kirdado ne, ba awon sikeli ba, amma ratar nan ta yi yawa. Mai rijiya ya kwashe da dariya ya ce, "Haba Baba, ni da rami ne sana'ata za ka tsorata da wannan? Ko tururuwa ba ta kwana a ciki. Yi mini da sabon." Maƙeri ya sake faɗa, ya ga mutumin ya kafe, ya lanƙwasa masa duka biyun ya ba shi.

Mai rijiya ya rataya sabon, mai tsatsar ya jefa ta cikin buhu. Muddin yashi ake fitarwa lafiya lau. Da aka kai ga dutse da jiƙaƙƙen laka, bakin ƙugiya ya fara buɗewa kaɗan-kaɗan, masu ja a sama kuma igiya suke kallo, ba ƙugiya ba. Ranar nan bokiti ya kusa kai baki, ƙugiya ta miƙe sambal, bokiti ya dawo ƙasa. Allah Ya sa mai rijiya ya raɓe jikin bango, kafaɗa ya samu ba kai ba. Ya rayu, amma hannun dama bai ƙara ɗaga diga ba. Ƙanensa ne ya ƙarasa rijiyar da mai tsatsar nan, kuma har aka ga ruwa ko gezau ba ta yi ba.

Ƙarfen nan fa bai ɓoye komai ba, tun a maƙera ya nuna halinsa. Ai dama Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska.