Ragon Kawu Ishaq

Ranar da ɗan kabu-kabu ya buge Amatullah da babur a bakin kasuwar Talata Mafara, tun tana kwance cikin tumatirin mutane take ba shi haƙuri. Da ta miƙe ta ga madubinsa ya fashe, sai ta dage ita za ta gyara, tunda goshinta ne ya fasa shi.

Duk unguwa an san ta da haka. In ta yi tuntuɓe da turmi, turmin take ce wa ya yi haƙuri. Akwai shekarar da ɓarawo ya tsallako katanga ya afka rijiyar gidansu. Da aka fito da shi, ita ce ta dama masa kunu, tana ta neman afuwa don ba ta rufe rijiyar ba. Mijinta Tukur ya sha ƙoƙarin yin faɗa da ita bai taɓa samu ba, don kafin ya buɗe baki ta riga ta amsa laifin.

Wuri ɗaya kawai take da tsauri. 'Yarta Fiddausi har ta girma ta yi aure ba a taɓa aikenta ɗakin kowa ba, ko da kuwa na dangi ne.

Sai ga labari cewa Kawu Ishaq, ƙanen mahaifiyar Amatullah, yana kwance a garin Faru rai a hannun Allah. Amatullah ta sayar da keken ɗinkinta, ta sayi rago fari mai ƙaho.

"Na yi ma bawan Allan nan laifi tun ina ƙarama," ta ce wa Fiddausi. "Saboda ni ya bar garinmu Dakko, shagonshi ya mutu, matarshi ta tahi. Inna har ta rasu tana cewa ni na raba zumunci."

Tukur ya ce hanyar ba lafiya, direbobi ma tsoronta suke. Ta ba shi haƙuri, ta ɗauki mayafi. Fiddausi ta ce ba za ta bar ta ita kaɗai ba.

Daga Maradun suka hau babura. Ragon ya ƙi zama a baya, sai Amatullah ta rungume shi a cinya kamar jinjiri. Ya jiƙa mata zane, ya tauna hular mai babur. Kowane rami suka faɗa, sai ta sunkuya ta ba ragon haƙuri.

Sun sami tsohon a zaure kan tabarma, ya rame, carbi a hannu, maƙwabta kewaye da shi. Aka yi doguwar gaisuwa, ta gida da ta gajiya da ta jiki. Amatullah ta durƙusa tun daga ƙofa, kanta a ƙasa, ta roƙi gafara.

Kawu Ishaq ya fara duban ragon, ya duba shi sosai. Sannan ya dube ta.

"Na yahe maki, ɗiyata," ya ce. "Yarinta ce."

Zauren ya ɗauki salati. Wani ya ce irin wannan zuciya ta yi ƙaranci a zamanin nan. Fiddausi ma sai da ta share ƙwalla.

Tsohon ya miƙo hannu. "Wannan jikata ce? Matso in sa maki albarka."

Amatullah ta damƙe wuyan hannun Fiddausi har awarwaro ya lanƙwashe. Ta ce ai rana ta yi, masu babur ba za su jira ba. Ta nemi afuwar gaggawar, ta ja 'yarta waje.

A gindin wata tsamiya suka zauna jiran babura. Amatullah ta sayi gyaɗa tana ci tana murmushi, ta ce rabonta da jin jikinta sakayau haka har ta manta. Daga cikin gida ana jiyo kukan ragon, ana ta neman wuƙa.

"Wai Inna, mi kinka yi mishi?" in ji Fiddausi. "Wuta kinka sa ma shagon?"

"Ina! Da ma wuta ce." Ta karkaɗe ɓawon gyaɗa daga zanenta. "Aikena anka yi wurinshi sayen sabulu. Ya rufe shagon da ni ciki, ya yi mani abin da ya yi. Sau biyu ya ce in yi shiru. Ni kuwa da taurin kai, shekarata bakwai, sai na yi ta kuka har maƙwabta sunka ji."