Takunkumin Atini

Sabon maganin atini, wato zawon jini, ba ya kashe ƙwayar cutar. Takunkumi yake sa mata, ya hana ta narkar da naman hanji. Wanda ya tsallake kwana guda, sai ta farka da yunwa.

Lantana ce ke rabon maganin a unguwa bana. Da hantsi Alhaji Bawale ya iso taga, mutumin da ya riƙe rabon bara ya ɓoye maganin don iyalinsa kaɗai, har Sadi ɗan Lantana ya rasu da zawon jini.

"Baiwar Allah, a taimaka. Tun jiya cikina ke murɗawa."

"Ya ƙare, Alhaji. Ka dawo jibi, kamar yadda ka ce mini bara."

Ya dafe ciki ya juya. Lantana ta miƙa wa na bayansa ƙwaya biyu.