Lamba Ta Goma Sha Huɗu

Sau uku Malam Maharazu yana goge gilashin firam ɗin da hannun rigarsa kafin a kira sunansa. Digirinsa ne a ciki, da tambarin mikiya da hatimi ruwan zinare. Amininsa Malam Jibo, wanda suke koyarwa a makaranta ɗaya, kuma ya ɗauko shi a mashin tun daga Dayi, ya dafa kafaɗarsa.

"Shiga kanka tsaye, Malam. Ina nan waje ina jiranka."

Shekara ashirin da shida Maharazu yana cin alli a firamare guda. Da aka ce hedimasta ya kusa ritaya, kowa ya san kujerar tasa ce, don babu wanda ya kai shi daɗewa. Sai doka ta zo cewa sai mai digiri. Mutum mai iyali da gona, ina zai bar su ya tafi Zariya? Nan ya ji labarin wata jami'a da ake karatunta ta waya.

Kada wani ya ce masa wawa, don wallahi ba wawa ba ne. Ya ji a rediyo cewa kafin ka ba kowace jami'a sisinka, ka duba ko sunanta na cikin jerin waɗanda hukumar jami'o'i ta amince da su. Shi ya sa ya ja Jibo, wanda ya yi nasa digirin tun da ƙuruciya kuma ya san kan abin, suka tafi wani shagon kwamfuta a Funtuwa. Sai a can ya laluba aljihu ya ji babu tabarau. Jibo ya sa aka buga jerin a takarda, ya bi shi da yatsa a nutse.

"Alhamdu lillahi, ga ta nan. Lamba ta goma sha huɗu."

Nan take aka yi rajista. Mai shagon ta karanto masa lambar ɗalibtarsa, ya rasa inda zai rubuta, Jibo ya ninke takardar hannunsa ya miƙa masa bayanta, sannan ya karɓe ya sa a aljihu, don kowa ya san Maharazu da yar da abu.

Shekara uku aka yi ana abu ɗaya. Shanun huɗarsa biyu suka tafi kasuwa. Masarar da ya saba ajiyewa sai ta yi daraja, tun kaka take barin gida. Kullum bayan la'asar yana kan tudun bayan makaranta yana neman sabis, jama'a na wucewa suna cewa Malam ya hau jami'a. Matarsa Rabi ta yi mita har ta gaji. Ranar da takardar digirin ta iso aka yanka rago, kuma duk cikin masu addu'a babu wanda ya kai Jibo tsawaitawa.

Yau ga shi a Malumfashi gaban kwamitin tantance takardu. Shugabar kwamitin, Hajiya Mansura, ko hannu ba ta sa ta karɓi firam ɗin ba. Da biro ta nuna masa inda zai ajiye.

"Kai ne mai digirin waya? An rubuto mana ƙara a kanka, babu suna. Wannan jami'ar taka, Malam, babu ita."

Ya ciro wasiƙar amincewa da jami'ar ta turo masa, ya miƙa mata. Ta duba, ta miƙa wa na kusa da ita, suka yi dariya har da buga tebur. Ta ce ƙungiyar da ta sa hannu a wasiƙar, su masu jami'ar ne suka ƙirƙire ta. Kowane ɗan damfara yana iya zana mikiya. Abin da ake dubawa jerin hukuma ne kawai, kuma ma'aikacin da ya gabatar da takardar bogi, ba kujera kaɗai yake rasawa ba, har aikin da fanshon.

"Gemu fari fat, a ce kai ke koyar da 'ya'yan mutane! Kaico."

Maharazu ya ji kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma yana da sauran dabara ɗaya, ya kama ta da hannu biyu.

"Ranki ya daɗe, wataƙila daga baya aka cire ta. Lokacin da na shiga tana ciki, lamba ta goma sha huɗu. Ina da shaida, yana nan waje."

"Ai mai ƙarar ya riga ka," in ji ta. "Bai aiko mana da jerin bana ba. Na ranar da ka yi rajista ya aiko, ga kwanan wata nan a ƙasa. Sa tabaraunka."

Ta turo masa wata tsohuwar takarda da ta sha ninki. Ya sa tabarau. Lamba ta goma sha huɗu wata jami'a ce dabam da bai taɓa jin sunanta ba. Ya bi jerin daga sama har ƙasa, ya sake daga ƙasa har sama. Ta taga ya hango Jibo zaune kan mashin a inuwar darbejiya. Jibo ya ɗaga masa hannu, alamar ya yi ƙarfin hali, har zuciyar Maharazu ta ɗan yi sanyi. Ko ba komai yana da wanda zai tsaya masa.

Sai ya yi tunanin ko jerin ya ci gaba a baya, ya juya takardar.

Babu komai a bayan sai lambar ɗalibtarsa, da rubutun hannunsa, manya-manya a karkace, irin na wanda ya manta tabarau a gida.